Baba Ƙari da Mitarsa

Duk wanda ya taɓa kai masa aiki ya san ba a fitowa daga shagonsa da abin da aka je nema. Ka ce masa 'yar ƙaramar taransifoma kake so, wadda za ta shige aljihun riga, ka dawo ka tarar da wata jibgegiya zaune a kan teburi, sai da hannu biyu za ka ɗaga ta. In ka buɗe baki za ka yi ƙorafi sai ya riga ka: "Ɗan ƙari ne kawai na yi maka." Da haka sunansa na ainihi ya ɓace a unguwar. Yara da manya Baba Ƙari suke ce masa, har 'ya'yan cikinsa in suna hira a bayan idonsa.

Shagon ɗaki ne guda da aka yanka daga gaban gidansa, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. Akwai dogon teburi da jikinsa ya sha ƙuna da rubutun alli. Akwai wayoyin tagulla jere a kan kanta, daga mai sirantar gashi zuwa mai kaurin tsinken ashana, da fallayen baƙin ƙarfe da ake cusawa cikin naɗi, an ɗaure su dami-dami. A ƙarshen teburin an kafe injin naɗi na hannu, wanda duk juyi ɗaya sai ya ce ƙas. Warin fanish, man da ake tsoma naɗi a ciki, kuwa ya kama bangon, ya kama rigunansa, har jikokinsa da shi suke gane ya shigo ɗaki kafin su waiwaya.

Abin da ya fi suna a kai shi ne taransifomar kayan da ba sa cin wutar gari kai tsaye, sai an juya musu ita ta koma irin ta batir: amsa-kuwwa, cajar batir, ƙananan motocin injuna. A nan ne masu gyara da yawa suke faɗawa rami ido buɗe. Mutum zai duba jikin na'ura ya ga an rubuta folt ashirin da huɗu, amfiya huɗu, ya je ya nemo taransifoma mai wannan lamba sak, yana ganin ya gama aiki. Baba Ƙari in ya ga haka sai ya jawo wa mutum kujera, don bayaninsa ba a jin sa a tsaye.

"Wutar gari kai-komo take yi," haka yake farawa. "Waɗannan dayod huɗun su ke tare ta, su ce mata gaba kawai. Daga nan ta zuba cikin kwandensa, wannan mai kamar gwangwanin. To ita kwandensa makwaɗaiciya ce, kuma halinta biyu. Na farko, ba ta tsayawa a rabi, sai ta cika har baki. Ka ba ta ashirin da huɗu, ka auna ka ga talatin da uku. Na biyu, ba ta kurɓa, kwankwaɗa take yi. Ta yi shiru, ta yi shiru, sai ta kafa kai ta zuƙe rabonta gaba ɗaya. Wannan zuƙar ce ke dafa waya. Saboda haka folt ragewa ake yi, amfiya kuma a ƙara, kusan ninki. Kada ka naɗa wa mai kurɓa, ɗana. Naɗa wa mai kwankwaɗa."

Bayan duk wannan lissafi yana da wani ƙari nasa na kansa. In ya zo ƙarshen naɗin waya mai kauri, wadda wuta ke fita ta cikinta, sai ya ƙara juyi uku a kan abin da alli ya ba shi. Hujjarsa ita ce komai in aka ɗora masa kaya yana ɗan rusunawa, wuta ma haka take, waɗannan ukun su za su tallafe ta. In ya gama haɗa aiki kuma ba ya miƙa shi nan take. Sai ya ɗora masa kaya ya bar shi ya wuni yana aiki, sannan ya ɗora bayan hannunsa a kan ƙarfen. In hannun ya zauna lafiya ya kira mai kaya, in hannun ya gudu ya warware ya sake daga farko. An sha zaginsa a kan jinkiri, amma ban san wanda ya taɓa dawo masa da ƙonanniyar taransifoma ba.

Sai dai akwai abin da masu yabonsa ba su cika sani ba. Wannan gwanin naɗi, shekara arba'in da wani abu yana juya inji, bai iya ƙirga juyinsa ba. Matarsa ce take ƙirga masa.

Abin ya samo asali tun suna sabon aure. Injin yana da 'yar na'urar ƙirga a jikinsa, wata rana haƙorinta ya karye yana tsakiyar aiki. Ya tsaya yana salati, don bai san inda ya kai ba. Sai ya ji murya daga bakin ƙofar tsakar gida, inda amaryar take zaune tana ɗinke maɓallin riga: "Ɗari uku da goma sha biyu." Ashe tun da ya fara take bin ƙas-ƙas ɗin a zuci, don ba ta da abin yi da kunnenta. Ya ce ta riƙe masa zuwa gobe, zai gyara na'urar. Goben ce ba ta zo ba. Mutumin da ake kawo wa gyara daga unguwanni masu nisa, wanda bai taɓa barin ko makullin taga a lalace a gidansa ba, ya bar wannan 'yar na'ura a karye har gashinsa ya yi fari. Ita ma ta san ba gagarar sa ta yi ba, kuma ba ta taɓa faɗa ba.

Shi ya sa mata suna Mita. "Mita biyu gare ni a shagon nan," yakan ce wa baƙi, "ɗaya tana auna wuta, ɗaya tana auna ni." Sunan ya bi ta har ta zama Inna Mita, kuma sababbin zuwa unguwa sukan ɗauka don yawan mita aka sa mata. Ba su yi nisa da gaskiya ba, don tana da bakinta. Tana yankan albasa tana ƙirga, tana goyo tana ƙirga, tana yi wa yaro faɗa tana ƙirga, ba ta taɓa ɓata ba. Zai faɗa mata lambar tun farko, in an kai ta buga cokali a jikin faranti, ya tsaya. Amma ƙarin ukun nan ba ta taɓa yarda da shi ba. Duk ranar da ya ƙara sai ta ce, "Kai da ƙarinka! Tagullar kyauta ake ba ka? Lissafi ya ce kaza, ka ce kai ka fi lissafi." Shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu ya ƙara abinsa, ita kuma ta ƙi ƙirga masa waɗannan ukun, wai ba ta saka bakinta a almubazzaranci.

Haka suka yi ta yi har suka aurar da 'ya'ya, kasuwa ta cika da ƙananan caja marasa nauyi, aiki ya ja baya, idonsa ya fara neman tabarau mai kauri. Ya rage buɗe shago, sai in wani tsohon abokin ciniki ya matsa. Ana nan wata safiya Inna Mita ta sunkuya za ta ɗauki bokiti ta faɗi. Da aka dawo da ita daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta kuma ta tafi. Tana ji, tana ganewa, idonta yana bin kowa, amma in ta buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne. Gidan da mitarta ta cika shekara da shekaru ya yi tsit, har Baba Ƙari ya riƙa jin ƙarar agogon bango da bai taɓa sanin yana ƙara ba.

Wata maƙwabciyarsu tana zuwa da safe ta yi mata wanka ta gyara ta. Sauran wunin nasa ne, kuma bai taɓa kuka da shi ba. Matsalar ɗaya ce, tayar da ita zaune. Ba ta iya haɗiya a kwance, ko ruwa ne sai ta sarƙe, kuma a wuni sai an tayar da ita sau da yawa. Shi kuwa bayansa ya gama nasa aikin tun tuni. Yakan sa hannu a ƙarƙashin kafaɗarta, ya cije, ya ja, ya tura matashi da gwiwa. Wata rana yana cikin haka ƙugunsa ya riƙe, ya zube a kanta, suka kwanta nan shi ba ya iya tashi ita ba ta iya kira, sai da maƙwabciyar ta leƙo neman aron tsani ta same su.

Labari ya kai ga babbar 'yarsu, wadda gidan ke kira Babba, ma'aikaciyar jinya ce a can ɗaya ƙarshen gari. Ta zo ta durƙusa gaban mahaifinta, ta yi magana a hankali, don ta san abin da za ta faɗa ba mai daɗi ba ne.

"Baba, ba raina ƙoƙarinka na yi ba. Amma in ka sake faɗuwa, majinyata biyu za mu samu. Ƙarshen wata zan zo da mota in tafi da Inna wurina. Akwai ɗaki, akwai masu ɗaga ta. Kai ma ka riƙa zuwa."

"In riƙa zuwa," in ji shi. "Gidan surukina, in yi sallama kafin in ga matata."

"Baba, to yaya za mu yi? Ka nuna min yadda za ta tashi zaune ba da bayanka ba, wallahi in bar ta."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya dubi Inna Mita ya ga ta juya fuskarta bango, hannunta mai lafiya ya damƙe bakin katifa. A wannan ɗakin ta yi rayuwarta duka, daga tagarsa take hango ƙofar shago. Ya san in aka fitar da ita ba lallai ta dawo ba, kuma tsoron wannan ya kama shi fiye da yadda ya taɓa jin tsoron wani abu.

Autansu, wanda direban babbar mota ne, shi ya zo da dabara. Ya samo wani gadon asibiti na hannu, irin wanda ake danna maɓalli kansa ya ɗago, ya sauke shi a tsakar gida yana haki yana murna. Gadon lafiyarsa ƙalau, 'yar motar lantarkin da ke ɗaga shi ma tana aiki, sai dai taransifomar cikin akwatin wutarsa ta ƙone ƙurmus. Auta bai so ya wahalar da tsoho, sai ya karanta jikin motar, ya ga folt ashirin da huɗu, amfiya huɗu, ya wuce kasuwa ya sayo mai wannan lamba sak, wani abokinsa ya haɗa masa. Ɗan Baba Ƙari guda, wanda ya tashi yana jin huɗubar kwandensa safe da yamma har ya daina jin ta.

Allah ya taimaka Auta ne ya hau gadon don gwaji. Yana danna maɓalli gadon ya zabura ya naɗe shi kamar tabarma, gwiwa ta kusa haɗuwa da haɓa. Ya yi ta sama da ƙasa da shi, wai ko zai daidaita, har wani wari ya tashi. Baba Ƙari da hancinsa ya san warin fanish mai dahuwa tun daga nesa ya fito ya zare wayar daga bango, ya kai bayan hannunsa kusa da ƙarfen, hannun ya gudu.

"Auta, lamba nawa ka sayo?"

"Daidai da na jikin motar, Baba. Sak."

"Sak," in ji tsohon. Ya so ya yi faɗa, amma ya ga idon yaron ya ciko, ƙato da gemunsa. Sai ya dafa kafaɗarsa. "Gado ka kawo mai kyau, Allah ya yi maka albarka. Saura nawa aikin."

Ya buɗe shago, ya kaɗe ƙura, ya ɗauki alli. Lissafin bai ba shi wahala ba, yana nan a kansa kamar sunan 'ya'yansa. Ashirin da huɗu ake so bayan kwandensa ta cika, saboda haka goma sha tara zai naɗa, ya bar ɗan abin da dayod za su ci a hanya. Amfiya huɗu motar ke ja, saboda haka waya mai ɗaukar bakwai. Ya zaɓo damin ƙarfe wanda ya fi na kasuwar girma nesa ba kusa ba, ya auna cikinsa, alli ya ba shi juyi ɗari bakwai da arba'in na siririyar waya, da sittin da ɗaya na mai kauri. Ya ɗaura waya, ya kama hannun inji, ya fara.

A nan asirinsa ya tonu. Ya kai tamanin da wani abu sai tunani ya ɗauke shi zuwa ƙarshen wata, ya dawo bai san inda yake ba. Ya warware. Ya sake, yana yin zane da alli duk juyi hamsin, sai ya tsaya yana tambayar kansa ko ya yi zanen nan ko bai yi ba. Ya gwada tara tsakuwa, ya gwada ƙirgawa da ƙarfi, mai sayar da ruwa ya yi sallama lambar ta tashi. Aikin kuwa ba ya son kame-kame, in ka rage juyi da yawa ƙarfe ya yi zafi, in ka zarce wuta ta kasa. Ya ɗauko karyayyar na'urar ƙirga zai gyara, ya tarar tsatsa ta cinye ta tun zamanin da. Auta ya ce zai nemo sabuwa in ya yi lodi zuwa babban gari, amma tafiyar mai tsawo ce, wata kuma yana ta ƙarewa.

Ana gobe Babba za ta zo, da hantsi, ya zauna gaban injin ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya ji haushin kansa ƙwarai: tsoho da sana'a a hannu, abu ɗaya matarsa take buƙata daga gare shi, ya kasa. Ya ɗaura waya ya fara juyawa ba don yana sa rai ba, don dai hannu ya saba. Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Sai ya ji wani abu daga tagar ɗakinta. Murya ce mai nauyi, tana jan harshe, kamar wadda aka toshe wa baki da tsumma. Ya tsaya, muryar ta tsaya. Ya juya sau ɗaya.

"Huɗu," in ji muryar.

Ya juya.

"Biyar."

Bai san lokacin da ya tashi ba. Ya same ta idonta a kan taga, ita ma da alamar mamaki a fuskarta. Ya ce, "Mita, ke ce? Kira sunana." Ta buɗe baki, sautin nan marar kalma ya fito. Ya ce ta ce ruwa, ta kasa. Sai ya ƙwanƙwasa jikin gado da yatsa sau ɗaya, ta ce, "Ɗaya." Ya sake, ta ce, "Biyu."

Ranar ya kwance injin naɗi daga teburin da aka kafe shi tun kafin a haifi Babba. Kusoshin sun ƙi, ya sa mai, ya sa guduma, suka bi. Ya kai shi ɗakinta, ya ɗaure shi a kan benci kusa da gadonta, ya tallafe ta da matasai iya ƙarfinsa. Ya sa mata cokali a hannun hagu da faranti a kan cinya.

"Ɗari bakwai da arba'in, Mita. Kada ki yi min ha'inci."

Ta harare shi, irin hararar da ya yi kewa. Suka fara. Ba da saurin da ba, don harshenta yana tuntuɓe a dogayen lambobi, sai ya rage hannu ya jira ta. In ta gaji ya tsaya ya ba ta ruwa, ya shimfiɗa takarda a kan layin da ya cika, in sun koma ta ɗauka daga inda ta ajiye ba tare da ya tuna mata ba. Da ya so ya gwada ta ya faɗi wata lamba ta ƙarya, sai ta buga cokali da fushi ta maimaita tata. La'asar ta yi sanyi kafin cokalin ya faɗa kan faranti da ƙarfi. Ɗari bakwai da arba'in.

Washegari suna shirin naɗin mai kauri motar Babba ta tsaya a ƙofar gida. Ta shigo da babbar jaka, ta tsaya turus ganin inji a ɗakin majinyaciya. Mahaifinta ya ba ta labari, ya ce maganar Inna ta dawo. Babba ta saurara, ta gwada mahaifiyarta da tambaya biyu uku, sannan ta ja shi gefe.

"Baba, kada ka sa rai da yawa. Muna ganin haka a wurin aiki. Wani maganarsa ta tafi amma ƙirga ta zauna, don baki ya saba da ita, ba sai an nemo ta ba. Ba magana ba ce tukuna."

"Na ji," in ji shi. "Amma ki bar ni in gama wannan. Sittin da ɗaya ne kawai."

Ta ce to, ta buɗe kwaba ta fara ninke kayan mahaifiyarta tana sakawa a jaka, don ba ta ga abin da zai canza ba.

Waya mai kauri ba a juya ta da gudu. Da yatsa ake danne ta, a kwantar da kowane juyi kusa da ɗan'uwansa, kuma yatsun Baba Ƙari ba na da ba ne. Tun a talatin suka fara gajiya. Yana jin ƙarar zif ɗin jaka a bayansa, yana jin zufa tana bin wuyansa, burinsa kawai ya kai ƙarshe kafin hannun ya ƙi. Inna Mita tana bin sa a hankali: hamsin da tara, sittin, sittin da ɗaya. Ya saki numfashi, ya miƙa hannu ya ɗauko almakashin waya, ya buɗe bakinsa a kan tagullar.

Cokali bai bugu ba. A maimakon haka ya ji ta tana kokawa da wani abu a maƙogwaro, fuskarta ta yamutse, jijiyar wuyanta ta miƙe. Babba ta saki zanen da ke hannunta ta matso, ta ɗauka sarƙewa ce.

"Ƙa..." in ji Inna Mita. Ta ja numfashi, ta kafe mijinta da ido. "Ƙara."

Almakashin ya tsaya a hannunsa. Shekara arba'in da wani abu bai taɓa manta ukun nan ba sai yau, kuma wadda ta tuna masa ita ce wadda ta yi shekarun nan duka tana zaginsu.

"Inna, me kika ce?" in ji Babba, muryarta ta sauya.

"Ƙara," ta sake faɗa, wannan karon a fili, har da ɗan tsaki a ƙarshe.

Baba Ƙari ya ajiye almakashi. Tabaransa ya yi hazo, ya cire ya goge da bakin riga ya mayar, hawayen bai daina ba, ya ƙyale shi. Ya danne waya ya juya. "Sittin da biyu," in ji ta. Ya juya. "Sittin da uku." Ya juya na ƙarshe, ta ce sittin da huɗu, sannan ta buga cokali. Yau ce rana ta farko da ta ƙirga masa su.

Babba ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun mahaifiyarta. Can ta ce, "Wannan ba lamba ba ce, Baba." Ya ce ya sani. Ta ce za ta jira a gama gadon ta gani da idonta, amma jakar ta bar ta a ɗaure a bayan ƙofa, don ita ma 'yar ubanta ce, ba ta karɓar aiki sai an gwada.

Ya cusa fallayen ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ya tsoma naɗin a fanish, ya gasa shi, ya bar shi ya bushe yadda ya kamata, bai yarda ya gaggauta ko don tsoron jakar ba. Taransifomar ta ƙi shiga akwatin gadon saboda girma, sai da ya ƙera mata nata gidan na katako mai ramukan iska. Ya auna da ɗaya mitar: ba kaya wutar ta ɗan haura, da kaya ta zauna a ashirin da huɗu. Ya ɗora buhunan yashi a kan gadon ya wuni yana sama da ƙasa da su, maƙwabta suna leƙe suna cewa tsoho ya samu abin wasa.

Ranar da aka mayar da Inna Mita kan sabon gadon, Babba tana tsaye, maƙwabciyar tana tsaye. Ya sa mata maɓallin a hannun hagu, ya ɗora babban yatsanta a kai. Ta danna. Gadon ya ɗago a hankali, ba zabura ba gurnani, har fuskarta ta zo daidai taga, ta hango ƙofar shago a buɗe. Ta saki, ya tsaya. Ta sake dannawa ta koma, ta sake tasowa, ita da kanta, ba bayan kowa. Babba ta durƙusa ta ɗora bayan hannunta a kan ƙarfen kamar yadda ta ga ana yi tun tana yarinya, hannun ya zauna. Ta tashi ta jawo jakar daga bayan ƙofa, ta buɗe, ta fara mayar da zannuwa cikin kwaba.

Ana cikin haka Auta ya faɗo gidan da ƙurar hanya a jikinsa, yana ɗaga wani ɗan kwali sama.

"Baba, na samo! Sabuwar na'urar ƙirga, sai da na zaga kasuwa kaf. Yanzu ba ka da matsala."

Baba Ƙari ya karɓa, ya juya kwalin gaba da baya, ya yaba kyanta, ya sa wa yaron albarka. Sannan ya dubi gadon, inda Inna Mita take zaune tana harararsa da cokali a hannu, ya miƙa wa Auta kayansa.

"Mayar musu, ɗana," ya ce. "Tawa tana aiki."